Rago Mai Tabarau a Gwanjon Intanet

Duk wanda ya zauna a Dutse a shekarun da aka fara shari'a, in dai yakan bi ta titin sakatariya, to ya san Jaji. In ma bai san shi ba ya san muryarsa, don ita kan riga shi isa majalisa ta share masa wuri a benci. Dogo ne siriri kamar karan dawa, da bille guda ɗaya a kuncin hagu. A aji uku na sakandare suka raba gari da boko. A faɗarsa, malamai ne suka roƙe shi ya tafi saboda tambayoyinsa sun fi ƙarfinsu. 'Yan ajinsu kuwa sun ce gafiya ya kulle a durowar shugaban makaranta, shugaban ya zo ya buɗe ta a gaban baƙi.

Asalinsa ɗan Aujara ne, amma a Dutse yake zaune, a shagon zauren gidan goggonsa Kaltumi, tsohuwa mai ƙuli-ƙuli da kiwo. A Aujara akwai Baffa Mammadu, yayan Goggo, mai gonar da ido ba ya ganin ƙarshenta. Duk wanda ya zo daga can sai ya kawo saƙonsa, cewa in Dutse ta gaji da Jaji, fartanya ba ta gaji da jiransa ba. Jaji kuwa ya sha rantsuwa a majalisa cewa shi da fartanya sun yi hannun riga, ko a mafarki ya gan ta tashi yake ya sake kwanciya.

Goggo tana da wani farin rago da ta shekara tana ɗura masa dusa da harawa, har ya zama in ya miƙe sai ka ce maraƙi. Aibinsa biyu. Tun yana ƙarami ƙayar aduwa ta tsone masa idon hagu, idon ya mutu ya yi fari fat. Na biyu, ba ya ganin tufa mai sitaci ya ƙyale, ya cinye wa maƙwabta huluna da ɗankwali ba adadi. Da Babbar Sallah ta matso, sai Goggo ta kira Jaji tsakar gida.

"Ka kai shi Shuwarin ranar kasuwa," in ji ta. "Duk wanda ya taya, kafin ka ce albarka ko ka ce ka sallama, ka fara gaya masa ido ɗaya gare shi, ba ya layya. Mahauta za su saya. In kuwa ka sake yi mini irin ta agwagin bara, da hannuna zan kai ka Aujara. Yanzu ake kai taki gona, Yaya yana neman mai bin jaki."

Agwagin bara su ne waɗanda Jaji ya tsoma wa wutsiya a shuni ya sayar wa wani baƙo daga Haɗeja a matsayin 'ya'yan dawisu, baƙon ya dawo da su da kansa har ƙofar gida. Don haka Jaji ya sunkuyar da kai ya ce to. Amma a ransa cewa ya yi, rago kamar wannan, ga Sallah ta ƙarato, a kai wa mahauta? Ai wannan kasuwancin mutanen da ne. Shi zai nuna wa Goggo abin da ake kira zamani.

Zamanin kuwa yana cikin wani shago a titin sakatariya, inda wani mutum mai suna Suhaib ya buɗe wurin shiga intanet, da 'yan kwamfutoci da janareto mai tarin fuka. Nan Jaji yake wuni. Abu biyu ya iya a kwamfuta, aika imel da juya hoto ya koma kallon ɗaya gefen, na biyun ma bisa kuskure ya gano shi. Amma tun daga ranar ya hana kowa kiransa Jaji zalla, sai Injiniya Jaji. Suhaib ya taɓa nuna masa yadda Turawa ke gwanjo a intanet: mutum ya ɗora hoton tsohon takalminsa, jama'a su yi ta tayi har ranar rufewa, wanda ya fi kowa ya ɗauka. Shafukan Turawan suna neman katin banki, Jaji kuwa ko katin makaranta ba shi da shi. Sai ya ce ai ba sai da su ba, nasa zai kafa.

Ya kira mai hoto gida lokacin da Goggo ta tafi barkar haihuwa. Ya tsayar da rago ta gefen dama, gefen ido mai lafiya, shi kuma ya tsaya riƙe da igiya yana murmushin manya. Aka wanke hoto, aka shigar da shi kwamfuta. A lokacin ma'aikatan sakatariya duk sun sa Suhaib ya buɗe musu imel saboda an ce wanda bai iya kwamfuta ba zai tsufa a mataki ɗaya, amma akasarinsu babu wanda ya taɓa aiko musu da ko sallama. Rannan kowa ya buɗe ya tarar da rago yana kallonsa da ido ɗaya, a ƙasa an rubuta:

"Gwanjo irin na Turai, karo na farko a Jigawa. Sallah ta zo, mai hankali ya gane. Tayi ta imel kawai. Ba a ganin kaya sai ranar rufewa, haka dokar intanet ta ce. Za a rufe da kiran sallar la'asar ranar jajibiri. Mai kaya, Injiniya Jaji."

Suhaib bai san zancen ido ba, amma ya ce masa ko Turawa sukan rubuta aibin kaya in akwai, balle nan da liman ya yi huɗuba a kan ha'inci Juma'ar da ta wuce. Jaji ya ce wannan gaskiya ne, ya ja kujera ya ƙara layi guda: "Aibi: yawan kyau." Aka buga hoton aka manna a ƙofar shago, da sharaɗin kullum da yamma za a rubuta tayi mafi tsoka a ƙarƙashinsa. Da ranar kasuwar Shuwarin ta zo ta wuce, ya gaya wa Goggo dillalai sun ce a ɗan jira, kaya na tashi.

Tayi ya fara shigowa, Jaji ya fara tafiya kafaɗa a sama. Sai Allah ya haɗa shi da Malam Misbahu.

Malam Misbahu akawu ne a ɗaya daga cikin ma'aikatun, mutumin Garki, gajere mai farin gilashi. Masu tumatir in sun hango shi rufe faifai suke su ce kaya ya ƙare. Shi ne ya taɓa mayar da rabin kankana saboda 'ya'yanta sun yi yawa. A makon nan ma babbar rigarsa ta Sallah tana wurin mai wanki da guga na bayan shagon Suhaib, ya mayar da ita sau ba adadi a ƙara mata sitaci, har rigar ta kai in an ajiye ta tsayawa take da ƙafarta.

Shi ya ɗauki dokar Jaji da gaske fiye da Jaji. Kullum in an tashi daga ofis sai ya zo ya zauna a kwamfutar da ke manne da ta Jaji, kafaɗa na gogar kafaɗa, ya rubuta tambaya ya aika. Saƙon ya tafi ko'ina yake tafiya, janareto ya yi tari, a jima sannan ya iso kujerar kusa. Haƙoran ragon nawa? Uwarsa 'yar ina ce? Dusar gero yake ci ko ta dawa? Yana minshari? Ya taɓa zawo, in ya taɓa, yaushe? Jaji ya yi ta zuba amsa: uwar ragon daga Sudan ta zo a jirgi, ba ya cin dusa sai an tankaɗe, kukansa ma da ladabi yake yi. Da ya gaji da bugawa da yatsa ɗaya, sai ya juyo zai amsa da baki.

"A rubuce, Injiniya," in ji Malam Misbahu, bai ko waiwayo ba. "Kai ka kafa doka."

Ana nan sai tambayar da Jaji ke tsoro ta iso. Malam ya rubuta cewa shi bai taɓa sayen rabin rago ba, a turo hoton ɗaya gefen, in ba haka ba zai gaya wa duk sakatariya su janye. Jaji ya hango jakin Baffa Mammadu yana kaɗa masa kunne. Sai ya tuna da iliminsa na biyu. Ya jira Malam ya fita alwala, ya juya hoton, rago ya koma kallon ɗaya gefen da lafiyayyen ido ƙuru-ƙuru. Ya aika wa kowa, ya buga ya manna kusa da na farko, ya fita yana cewa boko ba a aji take ba, a ka take.

Akwai Hussaini mahauci da ke da tukubar tsire a ƙofar shagon. Washegari yana kaɗa wuta, ya daɗe yana kallon hotunan biyu, sannan ya kira Jaji a gaban 'yan majalisa.

"Injiniya, ashe ƙaura aka yi ba mu ji ba?"

"Wa ya yi ƙaura?"

"Billenka. A wannan hoton yana hagu, a wannan yana dama. Ko shi ma an yi masa canjin ma'aikata ne?"

Majalisa ta taso ta yi cincirindo a ƙofa. Jaji ya dafe kuncin dama da sauri, ya ce haƙori ke damunsa, ya bi lungu da gudu. A gida ya sace tandun kwallin Goggo, ya tsaya gaban guntun madubi ya zana wa kuncin dama nasa billen, ya dawo yana taku ɗaya-ɗaya. Ya ce wa jama'a shi bille biyu gare shi tun ran suna, na daman ne mai kunya, ba ya fitowa sai lokacin sanyi. Hussaini ya ce to yanzu ga biyu a fuska, me ya sa kowane hoto ɗaya ya ɗauka? Jaji ya ce kyamarar ƙarama ce, bille ɗaya take iya ɗauka a lokaci guda, wanda bai yi karatun injiniya ba ba zai gane ba. Hussaini ya ce lallai, ya ci gaba da kaɗa wutarsa. Tun daga ranar kullum sai Jaji ya sabunta bille da safe, wani lokaci ya ɗan hau sama, wani lokaci ya sauko, har 'yan majalisa suka riƙa gaishe shi suna tambayar yadda na daman ya kwana.

Tambayoyin Malam Misbahu sun gajiyar da sauran masu tayi, don kowace sai ya aika wa kowa da kowa. Ɗaya bayan ɗaya suka zame, aka bar shi shi kaɗai a kan dubu goma sha biyar, ya kafe kamar turke. Jaji ya ga gwanjo da mutum ɗaya ai ba gwanjo ba ne. Sai ya buɗe sabon imel da sunan Alhaji Sale Garki, ya taya ragon da kansa. Garki ce kawai ta faɗo masa a baki, ya manta Malam ɗan can ne. Suhaib ya hango abin da yake yi ta bayan kafaɗarsa, ya ja shi gefe ya ce masa tayin ƙarya don a ɗaga wa wani farashi haramun ne, sunansa ma na musamman malamai ke da shi. Jaji ya ce shi bai tilasta wa kowa ba, Alhaji Sale ne ya ga kaya ya yaba. Suhaib ya ce to shi ba zai ƙara rubuta tayi a ƙofa da hannunsa ba, ya miƙa masa alƙalami.

Dabarar ta ci da farko. Malam ya ƙara, Alhaji Sale ya ƙara, Malam ya goge gilashi ya sake ƙarawa. Amma tambayoyi suka bar rago suka koma kan Alhaji. Wane Salen? Na wace unguwa? Ɗan gidan wa? Shi a Garki aka yanke masa cibiya, bai taɓa jin sa ba. Jaji ya rubuta cewa Alhaji Sale dattijo ne mai ɓoye kansa, shi ya sa. Ya je Makka har ya daina ƙirgawa. Marayu yake ciyarwa a asirce, ragon ma don su zai saya. Masallatan da ya gina cikin dare yake ginawa don kada a gode masa. Kowace amsa sai ta haifi tambaya, kowace tambaya sai Jaji ya ƙara wa Alhaji daraja, har ya kai shi kansa in ya tuna da mutumin sai ya ji ƙwalla. A ƙarshe ya yi alkawarin Alhaji zai zo da kansa ranar rufewa, don dai Malam ya bar shi ya sha ruwa.

Ranar jajibiri Jaji ya gaya wa Goggo wani mahauci zai ga rago. Da ya fita lungu sai ya zaro baƙin tabarau irin na masu walda, ya ɗaura wa ragon da robar tayar keke. Haka suka ratsa gari, rago na tafe yana karo da bango, jama'a na biye. Kafin su isa titin sakatariya taron ya fi na ɗaurin aure. 'Yan acaɓa suka kashe babura, masu kai cefanen Sallah suka ajiye kaya. Aka ɗaure rago a jikin turken rumfar Hussaini.

Malam Misbahu ya zagaya shi ya taɓa gadon baya, ya ɗaga wutsiya, ya buɗe baki ya duba haƙora, sannan ya kai hannu ga tabarau. Jaji ya tare shi, ya ce saboda kambun baka aka sa, kuma a dokar intanet wanda ya ci gwanjo shi ke buɗar kai, kamar amarya. Malam ya janye hannu, ya ce doka doka ce. Suka shiga ciki suka zauna kafaɗa da kafaɗa, jama'a na leƙe ta taga.

Malam ya buga dubu ashirin da biyar. Ko a mafarki Goggo ba ta taɓa jin an taya dabbarta haka ba. Mai hankali a nan zai tsaya. Amma Jaji ya dubi agogon bango ya ga da sauran 'yan mintoci, ya ce bari Alhaji ya ɗan taɓa sau ɗaya na bankwana. Ya karkatar da allon kwamfutarsa ya buga dubu talatin. Saƙo ya yi tafiyarsa ya iso. Malam ya karanta, ya cire gilashi, ya naɗe hannu a ƙirji.

"Na bar masa," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, ɗan ƙara kaɗan mana. Alhaji ba zai ji haushi ba."

"Ni in yi takara da dattijon garinmu, in cire nama daga bakin marayu ranar jajibiri? Ina zan kai wannan alhaki?"

"Marayun sun ƙoshi, Malam. Wallahi jiya ma sa aka yanka musu."

"A rubuce."

Jaji ya duƙa yana neman haruffa da yatsa ɗaya, bai kai ga rubuta marayu ba ladan ya ɗaga murya. Gwanjo ya rufe. Jama'a suka ɗauki sowa, Alhaji Sale Garki ya ci rago. Malam ya ce shi ba inda za shi, bayan salla zai zauna ya jira ya gaida wannan bawan Allah, ya ji ɗan gidan wa ne. Jama'a suka ce su ma.

Jaji ya ce bari ya je tasha ya tarbo shi. Tasharsa ba ta wuce bayan shago ba. Mai wanki ya tafi masallaci ya bar kaya a jere, a cikinsu wata babbar riga tana tsaye ita kaɗai kamar mai jiran mota. Jaji ya faɗa cikinta, ya samu farin zanen gado ya naɗa rawani ya ja amawali har ƙarƙashin ido. Shirinsa mai sauƙi ne: Alhaji Sale ya fito, ya ce ya janye ya bar wa ɗan garinsu, Malam ya biya, a watse.

Da aka idar da salla sai ga dattijo ya ɓullo daga lungu, riga na ƙara kamar ana taka busasshen kara. Jama'a suka dare. Malam Misbahu ya zube ya kwashi gaisuwa, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi marayu ɗaya bayan ɗaya. Dattijo ya amsa da murya kamar daga cikin rijiya, ya ce shi ya janye, ya bar wa Malam rago, Allah ya sa albarka. Malam ya yi godiya, ya ce amma janyewa ba ta inganta sai a gaban mai kaya. Ina Injiniya?

Dattijo ya ce ya tsaya biyan ɗan acaɓa, bari ya kira shi. Ya koma lungu. Jim kaɗan sai ga Jaji yana haki, ya ce ya ji, ya yarda, a kawo kuɗi. Malam ya ce ina Alhaji? Jaji ya ce yana kama ruwa. Malam ya ce a jira shi, so yake ya ga hannun mai kaya cikin hannun mai janyewa. Jaji ya koma. Alhaji ya fito ya ce sun yi musabahar a lungu. Malam ya ce shaidu fa? Alhaji ya koma, Jaji ya fito da rawani a ka, ya ankara, ya koma. Hussaini ya ce da jama'a shi dai bai taɓa ganin mutum biyu masu ladabi irin waɗannan ba, ɗaya ba ya yarda ya tsaya inda ɗaya yake.

A fitowa ta gaba Alhaji ya zo a jiƙe da gumi, ya tsaya dab da turken rumfa. Malam ya gyara gilashi, ya daina kallon fuskar dattijo ya koma kallon riga. Ya kama gefenta ya murza, ya duba aikin wuya, ya shinshina.

"Alhaji, a gafarce ni. A ina aka yi maka wannan ɗinki?"

"A Makka."

"Ikon Allah. Har da ƙunar dutsen gugan da nake rigima da mai wanki a kanta?"

Ba Malam kaɗai ke shinshinawa ba. Ragon Goggo tun safe bai ci komai ba, ga shi a cikin duhun tabarau, sai ƙamshin sitacin da bai taɓa jin irinsa ba ya daki hancinsa. Ya miƙa wuya ya cafki hannun riga ya fara tauna. Alhaji ya ja, rago ya ja. Malam ya riƙe ɗaya hannun yana salati yana cewa rigarsa. Rago ya fizge rabonsa ya haɗiye, ya ɗaga kai ya kamo jelar rawani. Alhaji Sale ya shiga juyawa kamar mazari, zanen gado na warwarewa, har ya ƙare ya bar Jaji tsaye a tsakiyar titi, billen hagu na nan daram, na dama ya narke da gumi ya gangaro har haɓa. Garin fizgar ne robar ta tsinke, tabarau ya faɗi ƙasa. Rago ya juyo ya kalli jama'a da farin idonsa, yana tauna a natse.

Sai dariya ta ɓarke har masu shaguna na tsallaken titi suka fito. Wani ya ce a yi wa marayun Garki ta'aziyya. Jaji ya buɗe baki ya fara bayanin cewa hasken rana ne ya yi wa idon yawa bayan duhu, zai dawo nan da magariba, sai ya ga jama'a na buɗa hanya. Goggo Kaltumi ce, da mayafinta a kafaɗa. Maƙwabciya ta gaya mata an ga ragonta da tabarau a titin sakatariya.

Ba ta ko kalli Jaji ba. Ta kwance igiya daga turke, ta juyo da ragon ta gefen hagu yadda kowa zai gani.

"Jama'a, rago nawa ne. Ido ɗaya gare shi, ba ya layya. Yana cin tufa, kun gani da idonku. Mai so a haka ya taya."

Hussaini ya goge hannu ya ce shi tsire yake sayarwa, bai taɓa tsire ido ba. Ya taya, Goggo ta ce albarka, ya ƙara, ta ce ta sallama. Cinikin da Jaji ya kwashe kwana da kwanaki yana yi da janareto, ya ƙare kafin tsinken tsire ya gasu. Malam Misbahu ya tsaya riƙe da riga mai hannu ɗaya, ya ce shi a dawo masa da hannun rigarsa yadda yake. Hussaini ya ce ya zo in an feɗe, a duba tumbi tare. Goggo ta ba Malam haƙuri, ta ce sabuwar riga tana wuyan Jaji, daga amfanin gonar bana za ta fito. Malam ya ce a rubuce. Suhaib ya ce wannan shi zai buga kyauta.

Bayan Sallah Goggo ta cika alkawari. Ta sa Jaji a gaba suka hau motar Aujara, shi yana gaya wa fasinjoji cewa an tura shi duba yiwuwar kai intanet karkara. Suka tarar da Baffa Mammadu a ƙofar gida yana ɗinkin mangala, jaki na ɗaure kusa da tulin taki. Bayan gaisuwa Goggo ta turo Jaji gaba.

"Yaya, ga shi na kawo maka. Amma sai na faɗi aibinsa kafin ka karɓa. Ƙarya gare shi, ga cika baki, ga barcin hantsi. In ka aike shi gabas, ka nemo shi a yamma."

Baffa ya ajiye basilla ya tashi, ya zagaya Jaji a hankali, ya taɓa kafaɗa, ya duba tafin hannu.

"Juyo da ɗaya gefen," in ji shi. Jaji ya juya. "Yana cin sitaci?"

"A'a, tuwo dai. Ba ya barin ƙanzo."

"Na karɓa da aibinsa."

"Na sallama," in ji Goggo, ta shige cikin gida wurin mata.

Jaji ya tsaya shi da jaki suna kallon juna. Ya lura jakin yana da wani tsohon gyambo a cinyar hagu. Sai ya taka a hankali ya zagaya ta dama, ya ja da baya, ya karkata kai, ya haɗa yatsu kamar mai ɗaukar hoto.

"Baffa, ka san daga nan jakin nan ba shi da aibi ko ɗaya?"

"Kai ma daga nan ba ka da shi," in ji Baffa Mammadu daga bayansa. "Ɗauki mangala."